Zakaran da ke Bayan Bahago

Ki gyara zama, Safiya, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana. Na ji ku jiya ke da ƙawayenki a tsakar gida, kuna duba hotuna a waya kuna cewa lalle ba wani aiki ba ne, a liƙa salatif a shafa kawai. Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina zane a bayan 'yan dambe a garin nan, amma yau in kika shiga kasuwa kika tambayi wa ya zana zakaran da ke bayan Bahagon Kwaja, sunan Ladi za a kira miki. Shi ya sa na ce ki ɗauko takarda. Ni ban san baƙi ko ɗaya ba, kuma wanda zai tsaya mini shaida, kakanki, yana kwance a hanyar Maiha, ko kabarinsa ba zan iya nuna miki ba.

Aikina na farko tayar keke ce. Ba a daɗe da ba mu sabuwar jiha ba a lokacin. Kakanki mahauci ne, mahaifinsa daga ƙasar Zamfara ya zo, kuma shi ne ke ɗaure wa 'yan dambe zare a hannu. In an gama kaka zaurenmu cika yake da su, masu wari da ci kamar fara. Akwai wani mai sayar da kayan keke da ke yi wa wani ɗan damben unguwar Lamorde alheri. Sai ya lura makaɗi sau ɗaya yake ambatonsa, kafin a tashi an manta. Ya ce a rubuta sunansa a bayan yaron, kowa ya gani. Sarkin dambe ya hana. Sunan mutumin Abdullahi, da sunan Allah a ciki, ga shi bayan ɗan dambe ƙasa yake sha, ga jini ga gumi. Daga ranar ya yanke cewa babu rubutu a jikin kowa, na boko ko na allo, sai dai alama. Kin ga ƙofar da na shigo ta nan. Da an yarda da rubutu, da masu rubuta allon shago ne suka ci kasuwar, ba jahila irina ba.

Kakanki ya leƙo ɗaki yana dariya ya ce ni da nake zana wa amare fure, ko zan iya taya? Na ce mene ne a taya. Na yanka ta a salatif da kyau, an liƙa, an shafa jan lalle irin na amare. Ranar wasa ya dawo ya zauna ya sha ruwa, sannan ya ba ni labari. Ashe daga taku uku ba a ganin ja a baƙin baya. Waɗanda ke kusa kuwa, abin da suka gani ba taya ba ce. A tsaye ƙyam aka liƙa wa yaron, da ya duƙa ya kafa ƙafa sai fata ta miƙe, tayata ta koma ƙwai. Har ya bar dambe Mai Ƙwai ake ce masa.

To, daga nan na fara koyo. Bayan namiji ba hannun amarya ba ne. Amarya tana zaune kamar an dasa ta, ana yi mata fifita. Shi wannan ga gashi, ga tabo, ga gumi da ke ɗaga salatif, ga nama da ke yawo a ƙarƙashin fata. Dole ya tsaya yadda yake tsayawa a fage, ya duƙa, ya ɗaga hannu, a haka za a liƙa masa, ko da cinyarsa na rawa. Kuma ba alamar ake yi wa lalle ba, kewayenta ake yi wa. Ki rufe siffar da salatif, ki baƙanta gefenta, in an ɓare sai ta fito da launin fatarsa a tsakiyar baƙi. In gumi ya zubo rana ta doka, na bayan taro ma yana gani. Shekara biyu na yi kafin na gane wannan, ba wanda ya faɗa mini.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su can a kwalla. Farantin tangaran da nake shimfiɗa salatif a kai, reza sabuwa kowane aiki, da wani tsohon mayafi mai shara-shara na tankaɗe. Ganyen lalle daga wurin wata tsohuwa a Kwaja nake karɓa, a inuwa take shanya shi, ba a rana ba. A daka, a tankaɗe sau uku. Lemun tsami, toka, gishirin lalle. Da wani abu guda da ba zan faɗa a takarda ba, don na san inda takardar za ta je. Shafi uku ake yi, kwana uku a jere, mutum na kwance rub da ciki a tabarma daga hantsi zuwa azahar, an rufe bayan da leda. Na ga ƙattin da ba sa tsoron naushi suna roƙon a bari su sosa.

Ban taɓa taɓa bayan kowa ba a shekarun nan duka. Ina matar aure, ina zan kai hannu jikin ƙato? Ni nake yanka, ni nake kwaɓawa, kakanki ke liƙawa ya shafa. Ina zaune a bayan asabarin ƙofar zaure ina leƙe, ina cewa hagu kaɗan, yi ƙasa, ka karkace. Yakan ce mini, “Ido naki, hannu nawa, amma a gari Goggo Mai Lalle kawai ake sani.” Ni kuma in ce hannu ai kowa na da shi. Allah ya gafarta mini wannan maganar, ya fi sau ɗari na faɗa masa.

Dokoki kuwa kullum ƙaruwa suke, kowace da dalilinta. An hana alama a hannun da ake ɗaure wa zare da wanda ake karewa da shi, don kada a ce an ɓoye magani. An hana a fuska da ƙirji. Baya kawai, daga allon kafaɗa zuwa saman ƙugu. Da wani ya shigo da tambarin shago biyu, masu shagon suka kusa dambacewa su da kansu a bakin fage, sai aka ce baya ɗaya alama ɗaya. Wani kuma ya shafa shuni, gumi ya kwashe shi ya shiga idon abokin karawarsa. Tun daga nan sarkin dambe yake tsayawa a ƙofa da farin ƙyalle jiƙaƙƙe, ya goga a bayan kowa. In launi ya kama ƙyallen, ka koma gida. Nawa bai taɓa kamawa ba. Lalle cikin fata yake shiga, nawa kuwa yakan yi sati shida ana ganinsa. Da wannan nake taƙama, ban san shi ne zai kashe mini kasuwa ba.

Zakaran Bahago shi ne aikin da na fi so. Sunansa na yanka Yohanna, manomi ne daga Kwaja, Kirista. Gyaɗa ya kawo kasuwa kakanki ya ga yadda ya sauke buhu da hagu, ya bi shi har tasha yana lallashi. Alhaji Buba mai gidan burodi ya ɗauke shi, shi kuma alamarsa zakara ce, tana jikin ledar burodinsa, kowane yaro a Mubi ya san ta. Zakaran leda dama yake kallo. Na zauna bayan asabari na sa Bahago ya yi ta kai naushi a iska ina kallon bayansa, har ya ce ko Goggo ta yi barci ne. Sai na juya zakaran ya kalli hagu, wajen hannun da yake kisa da shi, na sa fiffiken ya hau kan allon kafaɗa daidai. In ya ja hannu zai saki naushi, sai fiffiken ya ɗaga. Ranar farko da ya shiga da shi ya kayar da wani baƙo daga Garwa, kakanki ya ce fagen gaba ɗaya cara ya ɗauka. Ni ban gani ba. Ban taɓa zuwa fage ba. Duk aikina a bakin mutane na gan shi.

Yanzu ki rubuta Ladi. 'Yar maƙwabciyarmu ce daga Lamorde, uwarta ta kawo mini ita ta koyi lallen amare. Tana da hannu, ba zan yi ƙarya ba, kuma ta yi firamare. Da yake budurwa ce mara nauyi a kanta, ita ke fita zaure da ƙwaryar lalle, ta tsaya kusa da kakanki tana miƙa masa salatif. Shekara shida tana haka. Na koya mata yanka, na koya mata kewaye, amma in zan yi kwaɓi sai in aike ta ɗebo ruwa. Ta sani, ba ta taɓa nuna mini ba. Ta yi aure ta tafi, na yi mata gara daidai ƙarfina.

Bayan 'yan shekaru sai kakanki ya dawo daga fage ya ce ya ga buta a bayan wani yaro, fara fat, da jan baki. Na ce wane lalle ne fari? Ya ce fenti ne, Ladi ce. Ta samo wani fenti da ke bushewa kafin a gama cin tuwo, ƙyallen sarkin dambe ba ya ɗaukarsa, da yamma kuma a goge da kananzir ya fita tas. Ƙaninta ke shafawa. Kin gane abin da wannan ke nufi? Wanda na yi wa aiki, bayansa na mutum ɗaya ne har sati shida, kakar wasa ta kusa ƙarewa. Wanda Ladi ta yi wa, yau mai takalma, jibi mai shinkafa, kowa ya yi masa alheri. Ba kwanciya rub da ciki, ba ƙaiƙayi. Na aika kakanki wurin sarkin dambe ya tuna masa dokar baya ɗaya alama ɗaya. Sarkin ya ce ai ɗaya ce, a rana.

Cikin kaka biyu zaurenmu ya zama na kaji. Waɗanda na san tabon bayansu ɗaya bayan ɗaya suka riƙa wucewa ta ƙofar gida suna gaisuwa daga nesa. Har Alhaji Buba ya ɗauki wasu yara uku ya kai wa Ladi, ta yi musu zakara mai jan tukku, ta kwafa daga leda, yana kallon dama, fiffike a tsakiyar baya inda ba abin da ke motsi. Aka ce ya fi nawa kyau. Na kwana biyu ban ci abinci ba. Ranar wani suna na gan ta da sabon leshi da sarƙa, mata na ce mata Hajiya Mai Zane, ta durƙusa ta gaishe ni har ƙasa, na amsa ina kallon bango. Ba zan ɓoye miki ba, duk ranar da na ji an yabe ta sai in ji kamar an zuba mini barkono a ƙirji. Har yau haka ne, ban warke ba.

Bahago kaɗai ya tsaya. Ya ce fenti na sa masa ƙuraje, amma na san ƙarya ce, don kakanki ne. Da Hausarsa ta mutanen dutse, wadda ba ta raba mace da namiji, yakan ce, “Goggo, kai ka fara, kai za ka gama.”

Aiki na ƙarshe a shekarar gudu muka yi shi. An shiga kaka, ana ta jin labarin abin da ke faruwa a garuruwan arewa da mu, amma an ce za a yi wasa. Kakanki na fama da tari a lokacin. Yana cikin liƙa wutsiyar zakaran tarin ya sarƙe shi, hannunsa ya goce, gashi ɗaya ya karkace. Na yi masa faɗa ta bayan asabari, na ce a ɓare a sake. Ya ce a bari, zakaran ma ya tsufa kamar mu. Muka yi shafi uku. Kwana biyu bayan na ƙarshe, da hantsi, muka ji harbi ta kowane gefe, yaran dajin nan sun shigo gari. Na ɗauki kwallar can, ban san me ya sa ba, na bar tukunya a wuta. A ƙafa muka bi duwatsu muka nufi Maiha. Kwana na uku numfashin kakanki ya ƙi. Mun tsallake wani rafi ya zauna a gindin tsamiya ya ce in ci gaba zai biyo ni. Ban tafi ba, a nan ya cika. Wasu mutane da ban san sunansu ba suka haƙa da fartanyar aro, suka rufe shi da zanen da ke jikina na sama. Ki dakata, Safiya, bari in sha ruwa.

Shi Bahago kan dutse ya hau da tsohuwarsa, suka ɓuya wajen sati biyar. Da ya ji an ƙwato gari ya sauko neman gishiri da magani. A hanya masu tsaro suka tare su, maharba da 'yan banga, suka ce kowane namiji ya tuɓe riga, ana duba kafaɗa ko da shatin igiyar bindiga. To jikin ɗan dambe fa? Ga tabo, ga tsagar magani a dantse, ga kanta a hannu. Takardunsa sun ƙone a gida. Aka ware shi gefe da waɗanda za a tafi da su, aka sa shi ya durƙusa ya ɗora hannu a ka. Da ya ɗaga hannun hagu, sai fiffike ya ɗaga. Wani maharbi da ke bayansa ya matso ya goge ƙurar da tafinsa, ya ce wannan ai zakaran burodi ne, wannan Bahago ne, ya taɓa cin caca a kansa. Aka ba shi rigarsa. Sati biyar, Safiya. Ya dushe amma yana nan. Ki gaya mini wane fenti ne zai yi kwana uku a jikin mutumin da ke kwana a kan dutse.

Da muka dawo aka farfaɗo da wasa, sai wasu suka zo daga Yola da na'urar ɗaukar hoto da sabon kwamiti. Suka ce daga yau babu komai a fatar ɗan wasa, ko lalle ko fenti. Alama a wando kawai, ita ma ta wanda ya ɗauki nauyin wasan gaba ɗaya. Na ce to, yau ni da Ladi mun zama ɗaya. Ina! Kafin wata uku ta sayi injin buga riga da wando, aikin kwamitin duka ita aka ba. Ta buɗe shagon nan da kike so ki je ki yi aiki, ta sa zakara a allon ƙofa. Ranar buɗe fage mai sanarwa ya ba da labarin Bahago a lasifika, ya ce zanen Hajiya Ladi ne ya ceci ransa. Tana zaune a kujerar gaba. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Bahago ya yi ta gyarawa a kasuwa, amma muryar manomi ba ta kai lasifika.

Watan jiya ta zo nan da sabulu da sukari, tana neman in ba ta ke. Kina makaranta. Na bar ta ta gama, sannan na tambaye ta zakaran Bahago ina yake kallo.

Ta sunkuyar da kai ta ce, “Hagu, Goggo. Na san ba nawa ba ne. Nawa ko kwana biyu ba ya yi.”

Na ce ta fita ta faɗa a waje. Ta ce wa zai saurara yanzu, abin ya wuce. Na ce mata ta san rabin sana'a ta ci kasuwa da shi, ta ɗauki sabulunta. Ta bar shi a bakin ƙofa ta tafi.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne na makon jiya. Bahago ya zo da buhun gyaɗa. Ya bar dambe, furfura ta fito masa. Ya tuɓe riga a zaure ya juya mini baya, ba komai, fata kawai. Ya ce tunda ba ya shiga fage, dokar kwamiti ba ta hau kansa ba, in mayar masa da zakaransa, zai zaga kasuwa da shi ba riga ya faɗi wanda ya yi. Na tsufa yanzu, jika ne a wurina, ba mai cewa komai. Na ɗauko faranti na yanka, ya fito, har da karkataccen gashin wutsiya na yanka masa da gangan. Na ɗaga asabari na fita. Karo na farko ke nan da na sa hannu a bayan ɗan dambe.

Na liƙa inda ya kamata, na shafa, na rufe. Da azahar muka ɓare. Lalle ya bi ta ƙarƙashin salatif ko'ina, babu baki babu tukku, wani baƙin dunƙule kawai kamar an jefe shi da taɓo. Bahago na tambaya ya yi kyau, ni kuwa na zauna a ƙasa ina kuka. Sai a lokacin na tuna farcen babban yatsan kakanki na dama, wanda ba ya yankewa, nake yi masa tsiya a kai. Da shi yake bin gefen salatif yana dannewa, lungu-lungu, gashi-gashi, yana jan fatar da ɗaya hannun. Ina ganin bayansa yana sunkuye ya daɗe, ina cewa ya cika nawa. Shekara ashirin ban taɓa ganin me yake yi ba, jikinsa ya tare mini. Mutum ɗaya ce ta tsaya a gefensa shekara shida tana kallo.

To, ki rufe takardar. Gobe ki je shagon, na yarda. Ki karanta mata wannan a gaban masu jiran riga, da ƙarfi, kada ki tsallake inda na ce tana da hannu, kada kuma ki tsallake inda na ce zakaranta dama yake kallo. Ki ce mata dunƙulen da ke bayan Bahago sai ya yi sati shida kafin ya fita, nawa ne, ba ya sauri. In ya fita ta zo, kuma daga yau kada ta yanke farcen babban yatsanta. Ni zan yanka, ita ta liƙa. In an tambaya a kasuwa, a ce idon Goggo ne da hannun marigayi, ita aro aka yi.

Ki ce mata kuma ta zo da hantsi, bayan na gama kwaɓi.